Labarin Sunan Da Ke Bisa Naira Ɗaya

Ran nan da la'asar muna zaune a ƙofar gida a Unguwar Dosa, sai wani maƙwabcina, dattijo ne wanda bai daɗe da fara koyon karatun boko ba, ya fito da wani tsohon gwangwani da ya ke ajiyar allura da maɓallai. A cikin tarkacen ya tsinci naira ɗaya ta ƙarfe, irin wadda yanzu ko ƙosai ba ta saye. Ya goge ta da bakin riga, ya duba surar mutumin da ke kanta, mai gashin baki zaƙo-zaƙo, sa'an nan ya shiga harhaɗa baƙaƙen da ke gefe. Ya daɗe yana fama, kana ya ce, "Ma-ka-u-la-yi."

Na ce, "Ka karanta daidai, Baba, yadda aka rubuta. Amma masu sunan, Makoli su ke faɗi."

Ya ce, "To, wane Bature ne wannan aka mance da shi a kan kuɗinmu?"

Na ce masa ba Bature ba ne, Bayarabe ne, haifaffen Ikko. Ya dube ni, ya sāke duban kuɗin, ya ce, "To, ina ya samo sunan?"

Amsar tambayan nan tana da tsawo, gama sunan ya ƙetare teku ba sau ɗaya ba kafin ya iso hannunmu. Ita ce za ka karanta a nan. In ka gamu da sunan da ya yi maka nauyi a baki, kada ka tsaya, wuce shi, labarin ba zai ɓace maka ba.

Ma'anar Mac

Arewa da Ingila akwai wata ƙasa mai duwatsu da sanyi da yawan ruwan sama, ana ce da ita Sikotlan. Sarkinsu ɗaya da Ingila, amma mutanen dabam su ke, ba su kuwa son a ce da su Ingilishi. Duk jama'ar ƙasar wajen miliyan biyar da rabi ne. Mutanen kan duwatsunta da na tsibiranta suna da wani tsohon harshe nasu, Galik, wanda bai yi kama da Turanci ba ko kaɗan. Yau masu magana da shi ba su kai dubu ɗari ba.

A harshen nan, mac shi ne ɗa. In ka ga suna ya fara da Mac, ko Mc, to, ɗan wane a ke nufi. Macdonald ɗan Donald ke nan. Macpherson, wanda ya yi gwamnan Nijeriya daga 1948 zuwa 1955, ma'anar sunansa ɗan limamin coci, ka ce Ɗanliman. Mace kuwa, in da harshensu za a kira ta, ba a ce mata Mac, sai Nic, watau 'yar wane.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare ka. Larabawa suna cewa ibn, Fulani ɓii, Buzaye ag, mu kuwa ɗan. Bambancin guda ne. Mu a al'adarmu ta dā, sunan ya kan sāke da ko wane haihuwa: Audu ɗan Garba ya haifi Musa, sai a ce Musa ɗan Audu, Garba ya fita. Su kuwa Turawa sai su tsai da suna ɗaya, ya bi ɗa, ya bi jika, ya bi tattaɓa kunne, har a mance da wanda aka fara kira da shi. Shi ne mu ke cewa sunan gida. Mu ma mun fara. Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, an kira shi haka sabo da Tata, matar da ta rene shi. Yau jikokinsa da 'ya'yansu duk Ɗantata a ke ce musu, alhali kuwa Tata ba ta goyi ko ɗaya daga cikinsu ba.

To, Macaulay ɗan wa ke nan?

Olaf

Yamma da Sikotlan, cikin babbar teku, akwai jerin tsibirai. Na can arewa shi ne Lewis. Jirgin ruwa ya kan yi kusan sa'a uku daga gaɓar ƙasar kafin ya kai can. Wuri ne mai iska, itatuwa kaɗan, ƙasar kuwa ba ta da albarkar noma. Mutanensa masunta ne da makiyaya.

Wajen shekarar 800, watau kimanin shekara dubu kafin jihadin Shehu Usmanu, waɗansu mayaƙa suka riƙa zuwa daga ƙasar Norwe cikin dogayen jirage masu filafilai. Da fari hari su ke kawowa, su kwashi dukiya da bayi su koma. Daga baya suka zauna, suka auri matan wurin, suka sa wa ƙauyuka da duwatsu sunaye da harshensu. Har yau yawancin sunayen ƙauyukan Lewis nasu ne. A 1831 ma an tono waɗansu 'ya'yan dara irin ta sarakuna a cikin rairayi a gefen tsibirin na yamma, wurin da a ke kira Uig, an sassaƙa su da hauren wata dabbar teku, aikin mutanen Norwe ne. Tsibiran nan suna hannun sarkin Norwe har 1266, sa'ad da sarkin Sikotlan ya karɓe su da yarjejeniya, ya biya kuɗi.

Cikin sunayen da mutanen Norwe su ke sa wa 'ya'yansu maza akwai Olaf, ma'anarsa kusa da a ce magajin kakanni. Masu harshen Galik ba su iya faɗinsa yadda ya ke ba, suka tanƙwara shi ya dace da bakinsu, kamar yadda mu ka mai da Abubakar Habu, Muhammadu Mamman. Da Ingilishi suka zo rubuta abin da kunnensu ya ji, sai suka rubuta Aulay. Mac da Aulay, ɗan Olaf ke nan. Ka ga sunan da mu ke cewa na Sikotlan, rabinsa baƙo ne ko a can.

Mazaunin zuriyan nan shi ne Uig, inda aka tono 'ya'yan darar. Sun yi suna wajen faɗa, sun daɗe suna gāba da wata zuriya ta arewacin tsibirin, Morrison. Jarumin da su ke taƙama da shi ya yi zamani wajen 1600, ana kiransa Donald Cam, sabo da ido ɗaya gare shi. Cam a harshensu abin da ya karkace ne, ko ido da ya mutu. Kalman nan kuwa ta taɓa zuwa ƙasarmu ta wata hanya. Gwamna Cameron, wanda ya riƙe Nijeriya daga 1931 zuwa 1935, fassarar sunansa mai karkataccen hanci. Campbell kuma mai karkataccen baki. Wata rana can dā aka yi wa wani ba'a, jikokinsa suka wayi gari suna sa hannu da ita a takardun mulki.

Amma kada ka ɗauka duk Macaulay daga Olaf ya fito. Akwai wani gida dabam a kudu, kusa da bakin kogin Clyde, ba nisa da birnin Gilasgo, wurin da a ke kira Ardincaple. Su kakansu ba mutumin Norwe ba ne, wani tsohon sunan Galik gare shi wanda ya yi kama da wancan a kunne. Bashi ya ci gidan nan a ƙarni na 18, aka sayar da ƙasarsu, shugabansu na ƙarshe ya mutu ba shi da ko taki ɗaya. A tsibirin Ailan kuma akwai waɗansu gidaje masu irin sunan, su ma asalinsu ba ɗaya ba ne. Akawunan dā ko wanne ya rubuta yadda ya ga dama, shi ya sa za ka ga Macaulay, da Macauley, da McAuley, da McCauley. Ni da na ke aikin akawu ban isa in zarge su ba. Na sha ganin mutum ɗaya da Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a ta makaranta, Mamman a ta fansho, ranar biyan kuɗi kuwa a ce mutum uku ne.

Har wa yau akwai wani abu. A ƙasar duwatsun nan, talaka mai neman kariya ya kan ɗauki sunan shugaban da ya ke zaune a ƙasarsa, kamar yadda bara ya kan shiga inuwar ubangidansa har a riƙa kiransa da sunan gidan. Sabo da haka tun a Sikotlan ɗin, sunan gida ɗaya bai tabbatar da jini ɗaya ba.

Yawansu da bazuwarsu

Sunan ba ya cikin masu yawa. In aka jera sunayen gida na Sikotlan bisa ga yawan masu su, Smith ne kan gaba, watau maƙeri, sa'an nan Brown da Wilson da su Campbell. Macaulay yana can baya da nisa. Ko a Lewis ma, Macleod ya fi shi yawa ƙwarai. Inda ya taru shi ne Uig da tsibiran da ke kusa, sai kuma wajen Gilasgo, inda mutanen tsibirai su ke zuwa cin rani har su zauna.

Abin da ya watsa su duniya, tumaki ne da yunwa. Daga wajen 1750 zuwa 1860 masu ƙasa suka ga kiwon tumaki ya fi karɓar haya daga talakawa riba, suka riƙa tashin ƙauyuka ɗungum. A 1846 kuma ciwo ya faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne tuwonsu. Attajirin da ya sayi Lewis duka a 1844, James Matheson, ya ga abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya biya kuɗin jirgi a kwashe waɗanda suka kasa biyan haya. Daga 1851 aka yi ta ɗibarsu zuwa Kanada, da yawa kuwa daga Uig. Wanda ya ƙi tafiya, ya san abin da zai biyo baya. A 1923 ma wani jirgi mai suna Metagama ya kwashi samari da 'yammata wajen ɗari uku daga tsibirin rana ɗaya. Ta haka sunan ya kai Kanada, da Amurka, da Ostareliya, da Niyu Zilan. Wani daga zuriyar Uig, Thomas Bassett Macaulay, ya yi arziki a Kanada, ya aiko da kuɗi aka kafa gidan binciken ƙasar noma a Aberdeen a 1930, aka sa masa sunan gidansu.

Duk waɗannan da jininsu suka tafi da sunan. Hanyar da ya biyo zuwa Afirka ta Yamma dabam ce.

Saliyo

Cikin zuriyar Donald Cam mai ido ɗaya akwai waɗanda suka aje takobi suka zama limaman coci. Ɗaya daga cikinsu, John Macaulay, ya haifi ɗa a garin Inveraray a 1768, aka sa masa Zachary, watau Zakariya. Yana da shekara goma sha shida aka tura shi Jamaika, ya zama akawu a wata gonar rake inda bayi baƙar fata su ke aiki. Ya ga bulala da idonsa, shekara da shekaru, har ya saba. Da ya komo Ingila sai ya zauna wurin mijin 'yar'uwarsa, Thomas Babington, wanda ya ke cikin masu ƙoƙarin a hana cinikin bayi. Zama da shi ya juya masa zuciya. Sauran kwanakinsa duka, har ya mutu a 1838, a kan yaƙi da bauta ya ƙare su.

A lokacin an kafa wani gari a bakin teku a Saliyo domin 'yantattun bayi, shi ne Firitawun, ma'anarsa garin 'yanci. Aka aika da Zakariya can, ya yi gwamna tsakanin 1794 da 1799. Bayan ya koma gida sunan bai bar garin ba, gama ya kafa kamfanin ciniki da a ke kira Macaulay da Babington, wani ɗan'uwansa kuma, Kenneth Macaulay, ya daɗe a can yana kula da shi, har ya riƙe gwamna na ɗan lokaci a 1826.

A 1807 Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi. Jiragen yaƙinta suka riƙa tsare teku, in sun kama jirgin bayi sai su jawo shi Firitawun, a kwance mutanen, a rubuta su, a raba su ƙauyuka. Waɗanda aka sauke a can ta wannan hanya sun fi dubu hamsin. Yarabawa suka fi yawa, amma akwai Ibo, da Nufawa, da Barebari, da Hausawa. A bakin Hausawan Saliyo ne ma wani Bajamushe, Schön, ya fara koyon Hausa, har ya buga littafin kalmominta a 1843.

Ka tsaya ka duba halin mutumin da aka sauke a wurin nan. An raba shi da garinsu, ba uwa ba uba, ba wanda ya san kakansa. Mai rubutu ya tambaye shi suna da harshen da ba ya ji. In ya shiga makarantar mishan, ko aka yi masa baftisma, ko ya kama aiki wurin wani Bature, sai a ba shi sabon suna, na malaminsa, ko na ubangidansa, ko na wani mai kuɗi a Ingila wanda ya ke aiko da sadaka. Waɗansu su suka zaɓa da kansu, don sun ga sunan babban mutum yana buɗe ƙofa. Wani Babarbare, Ali Eisami, ɗan malami daga Barno, ya zama William Harding. Wani yaro Bayarabe, Ajayi, wanda aka kama a 1821 aka 'yanta a 1822, ya zama Samuel Crowther, sunan wani limamin coci na London. Ni ma da na shiga makarantar mishan ina yaro, ranar fari malami ya ce in faɗi sunan ubana, na faɗa, ya rubuta shi bayan nawa. Tun daga ran nan ya zama sunan gidanmu, 'ya'yana ma shi su ke amsawa, ba kuwa wanda ya shawarci tsohon.

A ƙauyen Kissy, kusa da Firitawun, akwai wani Bayarabe cikin waɗanda aka sauke, sunansa Ojo Oriare. A 1826 matarsa ta haifi ɗa namiji. Sunan da yaron nan ya tashi da shi, Thomas Babington Macaulay, kalma uku cif, daidai da sunan babban ɗan Zakariya da ke Ingila. Ba abin da ya gama su, ko na jini ko na nono. Ta irin wannan hanya sunan ya yi yawa a Saliyo, inda a kan fi rubuta shi Macauley.

Ikko da Kano

Daga 1839 Yarabawan Saliyo suka fara komowa ƙasar iyayensu, suka sauka Badagiri, da Abekuta, da Ikko. Ana ce da su Saro. Su suka kawo sunaye irin su Williams, da Cole, da Coker, da Macaulay, waɗanda har yau ka ke ji a kudu. Ɗan Ojo Oriare yana cikin waɗanda suka zo. Ya yi karatu a Ingila, ya zama limamin coci, ya auri Abigail 'yar Samuel Crowther. A 1859 ya buɗe makarantar sakandare a Ikko da yara shida, ita ce ta fari a duk ƙasar da ta zama Nijeriya. Agana ta kashe shi a 1878.

Ɗansa shi ne Herbert Macaulay, mai gashin bakin nan. An haife shi a 1864, shekarar da aka naɗa kakansa Crowther bishop. Ya koyi aikin safiyo da injiniya a Ingila, ya yi wa gwamnati aiki 'yan shekaru, ya bari a 1898. Daga nan har ƙarshen ransa bai bar Turawan mulki sun huta ba, a kan ƙasa, da haraji, da kuɗin ruwa, da darajar sarkin Ikko. Sau biyu suna ɗaure shi. A 1923 ya kafa jam'iyyar siyasa ta fari a Nijeriya. A 1944 shi da Azikiwe suka kafa NCNC, shi ne shugaba. A 1946, yana da shekara tamanin da ɗaya, ya fito rangadin ƙasa don ya tara jama'a su ƙi tsarin mulkin Gwamna Richards. A Kano ciwo ya kama shi, aka koma da shi Ikko, ya rasu ran 7 ga Mayu. An sa surarsa a takardar naira ɗaya a 1979, da aka mai da ita ƙarfe a 1991 aka bar shi a kai, haka kuma a sabuwar ta 2007.

Saura takwaran ubansa, ɗan Zakariya na jini, wanda aka haifa a 1800. Shi bai taɓa taka Nijeriya ba, amma aikinsa ya iso Kaduna. Marubucin tarihi ne, kuma ɗan majalisa. An aika da shi Indiya, a 1835 ya ba da shawara gwamnati ta daina kashe kuɗi a kan karatun Larabci da tsohon harshen Hindu, ta zuba su a kan Turanci, ya kuwa yi wa littattafan mutanen rainin da bai kamata ba, alhali bai iya karanta ko ɗaya daga cikinsu ba. Ni mai cin abinci da fassara, a nan ba na tare da shi. Amma ya yi wani aiki wanda ya daɗe. Shi ya shugabanci waɗanda suka tsara wa Indiya dokar laifuffuka da hukuncinsu, suka gama a 1837, aka zartar da ita a 1860, shekara guda bayan mutuwarsa. A 1899 aka ɗauke ta aka gyara domin Sudan. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kira waɗansu masana shari'a, da Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, a kan gaba, su duba yadda za a yi da kotunan Arewa kafin mulkin kai. Suka ce a bi ta Sudan. Majalisar Jihar Arewa ta amince da ita a nan Kaduna a 1959, ta fara aiki a 1960. Ita ce Fenal Kod da ka ke ji a bakin lauyoyi da 'yan sanda.

Da na kawo nan, maƙwabcin nan nawa ya juya kuɗin a tafin hannunsa, ya ce in sāke faɗa masa sunan mutumin Norwe ɗin. Na ce Olaf. Ya ce in rubuta masa a ƙasa. Na rubuta da tsinke, baƙi huɗu, ya karanta su da kansa, sa'an nan ya mai da nairarsa cikin gwangwani, muka tashi don an kira magariba.